Takina da Aka Zuba a Hanyar Maigatari

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga: Mai girma Hakimin ƙasar Maigatari, uban talakawa, Allah ya ja zamaninsa.

Daga: Yelwa 'yar Mati, matar marigayi Ɗantsoho, mazauniyar bayan gari a ƙauyen Kukar Laure, ƙasar Maigatari, cikin ƙasar Gumel.

Rana: Litinin, 18 ga watan Rabi'ul Awwal, shekara ta 1342 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1923 a lissafin Nasara.

Game da: Kwashe takin ramukana da Cindo ɗan Sajo ya sa aka yi, aka zuba shi a hanyar mota, da kuma niyyarsa ta raba ni da garkar da nake ciyar da iyalina da ita ranar da wata mai zuwa zai tsaya.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da ban girma irin wanda ya dace da kai, da addu'ar Allah ya ƙara maka lafiya, ya zaunar da ƙasarka cikin wadata, ina neman izini in kawo kukana gabanka. Ni tsohuwa ce, ban yi karatu ba, ban taɓa tsayawa a ƙofar fada ba ko don kallo. Malam Bilya na unguwarmu ne yake rubutawa daga bakina, na kuwa roƙe shi ya sa magana yadda na faɗe ta, kada ya tausasa don jin nauyin kowa. Duk inda aka ga kalma ta yi kauri, laifina ne, ba nasa ba.

Na ɗaya: asalin garkar da sharaɗin da ke kanta.

Mun zo Kukar Laure ni da mijina Ɗantsoho daga wajen Sule Tankarkar a shekarar babbar yunwa, 1332, bayan mun cinye iri, mun rabu da gona, mun binne 'ya'ya uku. Ɗiya ɗaya ta rage mana, Kyauta. Marigayi Malam Sajo, mahaifin wannan Cindo, Allah ya haskaka kabarinsa, shi ya dubi halin da muke ciki ya ba mu aron wani fili a bayan gari, yamma da tsohuwar rijiya. Ba zan ƙara masa ba, ba zan rage masa ba yana kabari: fako ya ba mu, domin shi ne abin da yake da shi na bayarwa. Ƙasa ce fara fat, mai tauri, ko ƙarangiya ba ta yarda ta tsiro a kanta. In ka sara fartanya sai ta yi tsalle ta dawo maka.

Sharaɗi ɗaya ya yi mana, a gaban Liman Gambo wanda har yanzu yana nan da ransa. Ya ce muddin muna rufe filin da taki daga shinge zuwa shinge kowace shekara kafin ruwan shuka ya sauka, to mu ci, ba mai tashinmu, ko shi ko magadansa. Amma shekarar da ruwan shuka ya sami ƙasar tsirara, fili ya koma gidan Sajo. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, Ranka ya daɗe, ka fi ni sanin cewa wanda ya zuba taki a gonar aro ba a tashinsa sai ya ci takinsa. Muka karɓa, muka gode, muka kewaye wurin da ƙaya, muka kafa ɗakinmu a jikin shingen.

Mijina ya rasu a annobar 1337. Tun daga nan ni kaɗai nake riƙe da sharaɗin, kuma ban saɓa shi ba ko sau ɗaya. Shekarar da ya rasu ma, na fita takaba yau, washegari ina cikin garka da kwando a kai. Yanzu mu huɗu ne a gidan: ni, da Kyauta wadda ƙafafunta suka shanye bayan haihuwarta ta biyu, mijinta kuwa ya tafi cin rani Kano tun shekara uku ba shi ba labarinsa, sai 'ya'yanta mata biyu ƙanana. Ba mu da gonar gero. Kuɓewa da yakuwa da kabewa da barkono da ɗan waken da garkar ta ba mu, su nake busarwa in kai kasuwa in musanya da hatsi. In babu garkar nan babu tuwo a gidana, wannan ita ce maganar gaba ɗaya.

Na biyu: abin da aka kwashe ba juji ba ne.

Na san a kunnen manya maganar taki ƙaramar magana ce, har da ɗan wari a cikinta. Ina roƙo a daure a saurara, domin Cindo yana yawo a gari yana cewa juji ya kwashe, wai taimakona ya yi, ya raba ni da ƙazanta. Allah ya isa tsakanina da wannan taimako. Juji daban, taki daban, kuma duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san haka.

Ni ba ni da shanu. Ba kuma Bafulatanin da zai kwana da garkensa a filina, don ba ni da damin geron da zan ba shi. Awaki biyu gare ni da 'yan kaji. Saboda haka mijina ya haƙa ramuka biyu a kusurwar garka, jikin ɗakinmu, kowanne zurfinsa ya kai ƙirjina. Ɗaya ana cika shi, ɗaya yana kwance yana nuna. Da kaka in mata sun tashi daga masussuka ni nake bi in share ƙaiƙayin da suka bari, in tsince ɓawon gyaɗa a ƙofar gidajen mutane, in sassare karan kuɓewa da na yakuwa ƙanana-ƙanana. Da rani ina bin zangon fatake ina kwashe kashin jakuna da na raƙuma da hannuna, har matan gari suka sa mini suna uwar kashin jaki, ban ko kula ba. Tokar murhu ba ta taɓa fita daga gidana ta tafi bola. Ruwan wanke-wanke da ruwan wankin hatsi ba a watsar da su a tsakar gida, rami suke tafiya, kai kuwa ka san zurfin rijiyoyin ƙasar nan, ka san abin da guga ɗaya yake ci a hannun tsohuwa. Da damina, lokacin da gawo yake zubar da ganye sauran itatuwa suna tohowa, ina sharo ganyensa, ina haɗawa da ciyawar da na nome a firi da maimai.

Ba kuma jibgewa ake yi kawai a tafi ba. Busasshe ake shimfiɗawa a ƙasa, a bi da ɗanye, a barbaɗa toka, a yayyafa ruwa, a rufe da tsohuwar zana don kada rana ta shanye shi. Duk tsayuwar wata sai na buɗe na juya shi da fartanya, na ƙasa ya dawo sama. In na cusa hannu na ji zafi, to yana aiki. In na ji ya bushe, in ƙara ruwa. Sai ya shekara cur yana haka kafin ya huce, ya koma baƙi, mai laushi, ba wari sai ƙanshin ƙasa. Sannan da bazara in ɗauke shi kwando-kwando in baza, in gyara shinge, in zauna jiran ruwa.

Da wannan wahalar ce fakon nan ya zama ƙasa. Yau in ka tona, baƙar ƙasar ta wuce tsawon tafin hannu kafin ka iske farar. Wanda ya ga filin shekarar da aka ba mu, in ya gan shi yanzu sai ya rantse ba shi ba ne. Cindo ma ya gani.

Na uku: ranar da aka kwashe.

A cikin watan Rajab na 1341 umarni ya zo cewa a share hanyar mota daga Gumel zuwa Maigatari, kowane ƙauye ya gyara wadda ta ratsa ta ƙasarsa. Ba ni da ja a kan wannan, umarnin manya ne. Aka sa Cindo ya zama shugaban masu aikin ƙauyenmu. Hanyar ta biyo ta jikin shingena na kudu, kuma gaba kaɗan akwai wani kwari mai yashi inda aka ce mota za ta nutse, aka ce a cike shi da ƙasa mai ƙarfi.

Ranar Alhamis, 11 ga Sha'aban, na tafi kasuwar Maigatari da busasshiyar kuɓewa, kamar yadda kowa a garin ya san ina yi duk Alhamis. Na bar ramin farko ya nuna sarai, na ma buɗe zanar tun Talata don ya sha iska, da niyyar in fara bazawa ranar Asabar. Da na dawo bayan la'asar sai na tarar an farke shinge ta kudu, an tattake wurin da sawun jakuna, ramukan nan biyu duka a buɗe. Ba nunanne kaɗai ba, har da ɗanyen da nake kan cikawa. An kankare su har ƙasa, ko abin da zai cika ƙwarya ba a bar mini ba. Kyauta tana cikin ɗaki, ta ji komai, ta yi ta kira har muryarta ta dishe, ba wanda ya leƙa. Ta ja jiki da hannu ta iso bakin ƙofa, a nan na same ta.

Na bi sawun jakunan har kwarin. Ga shi nan an baza, an bi shi da itace an daddaka. Ranka ya daɗe, na ga mutuwa iri-iri ban faɗi ba, amma ran nan na zauna a tsakiyar hanya na yi kuka a gaban maza. Malam Bilya ya ce wannan ba sai an rubuta ba. Na ce ya rubuta.

Na huɗu: ba kuskure ba ne.

In da baƙo ne ya yi, wanda bai san ƙasa ba, da na ce ƙaddara ce na haƙura. Amma ga abin da na sani, kuma akwai masu shaida.

Kududdufin da garin nan yake ɗibar ƙasar gini ya fi kusa da kwarin a kan gidana. Laka ce mai ƙarfi, ita ake so a hanya. Cindo ya wuce ta. Babban jujin gari na bakin mahauta yana nan ya yi tudu, ba mai shi, ba mai hanawa. Ya wuce shi. Ya ja jakuna da mangaloli ya zagayo har bayan gari, ya farke shingen tsohuwa. Maƙwabciyata Larai tana tsaye a bakin danganta, ta ce mazan da ke aikin sun yi turus da suka ga abin da ke cikin ramin, domin manoma ne, sun san taki in sun gan shi, har wani dattijo a cikinsu ya ajiye kwandonsa ya ce shi ba zai taɓa ba. Cindo ya ce duk wanda ya ƙi, zai kai sunansa a matsayin wanda ya ƙi aikin hukuma. Suka sunkuyar da kai suka kwasa. Ba na jin haushinsu, tsoro ne, kowa da iyalinsa.

Kuma kada ya ce bai san sharaɗin ba. Ranar da mahaifinsa ya faɗe shi, Cindo yana zaune a gefe riƙe da butar tsohon, saurayi ne da gemunsa ya fara fitowa, kunnensa biyu a buɗe. Ya san bazara ce lokacin baza taki. Ya san takin shekara ba a yin sa a wata uku. Ya san ranar da ba na gida. Shi da kansa manomi ne, takin shanunsa yana nan jibge a bayan gidansa, bai ɗebi ko mangala ɗaya ya kai wa hanyar hukuma ba, duk da irin son da ya ce yana yi mata.

Na biyar: abin da na yi don in cika sharaɗin.

Ban zauna na naɗe hannu ba. Amma a lokacin kowa ya riga ya kwashe nasa ya kai gona, ba mai ragowa. Na bi gida-gida ina roƙon sharar turken awaki, wasu suka ba ni, wasu suka ce in yi haƙuri. Da azumi a bakina, cikin zafin nan na bazara, na riƙa zuwa zango ina tsinto kashin dabbobi, har sau biyu jiri ya kayar da ni a hanya. Na je gidan Cindo na durƙusa na roƙe shi ya ara mini daga takin shanunsa in biya shi da kuɓewa in kaka ta yi. Ni da na yi jinyar uwarsa lokacin da take kwance, sai ya bar ni a durƙushe a zaure, ya aiko a ce mini yana barci.

Abin da na tara bai rufe ko kashi ɗaya cikin huɗu na garkar ba, kuma ɗanye ne shar. Na san ɗanyen taki yana ƙona shuka, yana kiran gara, amma ba ni da zaɓi, na baza shi ta wajen rijiya. Ruwan shuka ya sauka ranar Lahadi, 10 ga Zulƙida. Tun ƙasa ba ta tsane ba sai ga Cindo da mutum biyu, suka zagaya shingen suna nuna inda babu taki, suka tafi ba wanda ya ce mini sannu.

Na yi shuka duk da haka. Inda na sa ɗanyen, kuɓewar ta fito ta yi ja ta ƙone, gara ta cinye saiwar abin da ya rage. Inda ban sa komai ba, tsohon ƙarfin ƙasar ya ɗan riƙe, amma yakuwa ba ta wuce gwiwata ba, kabewar ta yi fure ta zubar. Abin da na busar bana ba zai kai mu tsakiyar rani ba. Tun yanzu sau ɗaya muke ɗora tukunya, yaran nan sun fara kwanciya da wuri don kada su tambaya.

Na shida: abin da ya faru a kan hanyar.

Wannan ya shafi hukuma ma, ba ni kaɗai ba, don haka ina roƙon a lura. Taki ba ya ɗaukar nauyi. Da ruwa ya zauna, kwarin nan ya zama caɓi baƙi ƙirin, jakunan fatake suna nutsewa har ciki, sai an sauke kaya an ciro su. Mota kuwa ko ɗaya ba ta wuce ba, wadda ta zo ta juya. Duk wanda Hakimi ya aiko zai ga yadda fatake suka buɗe wata hanya ta cikin gonakin mutane don su kauce wa wurin.

Sannan duk irin da ya faɗa ramina tare da sharar girki, 'ya'yan kabewa da na duma da na yakuwa, sai suka tsiro a tsakiyar hanya. Wallahi, Ranka ya daɗe, tun da nake ban taɓa ganin kabewa ta yi yaɗo irin wannan ba. Ganye fankama-fankama, kore shar, ta rufe kwarin daga wannan gefe zuwa wancan. Yakuwa ta kai kafaɗata. Mutane suna tsayawa kallo suna cewa garkar Yelwa ta yi ƙaura. Wasu da tausayi suke faɗa, wasu da dariya. Ni kuwa daga bakin shingena ina hango ta, in juyo in dubi tawa da ta ƙi tashi.

Na je na tsinki ganyen yakuwa cikin ƙwarya ɗaya don miya. Cindo ya aiko aka karɓe, aka ce abin da ya tsiro a hanyar hukuma na hukuma ne.

Ranar Asabar, 12 ga Muharram na wannan shekara, ya yi shela cewa kowane gida ya ba da mutum ɗaya a sare ciyawar da ta toshe hanya. Ya san gidana babu namiji. A da in irin wannan aiki ya tashi ana ɗauke mini, dagaci da kansa ya yafe mini tun rasuwar mijina. Ran nan Cindo ya ce ba yafiya, in fito da kaina. Na fito. Aka miƙa mini lauje, aka sa ni a kwarin, ba a wani wuri ba. Da hannuna na sare ta. Kabewar ta riga ta ɗaura 'ya'ya, wasu sun kai kan jariri, da an bar su wata ɗaya da sun ciyar da mu har rani. Aka loda su a jakuna da ganyen da komai, aka kai wa shanun Cindo. Da na koma gida Kyauta ta ga ruwan ganyen a hannuna, ta gane abin da aka sa ni na yi.

Na bakwai: wa'adin da ya ba ni.

Ranar Juma'a, 9 ga Safar, bayan an sauko daga masallaci, Cindo ya shigo garkar ba sallama, ya kafa turaku huɗu, ɗaya a bakin ramin takina. Ya ce ruwan shuka ya sami ƙasa tsirara, sharaɗi ya karye, fili ya koma gidansu. Ya ce don mutuncin mahaifinsa zai bar ni in kwashe abin da na shuka, amma ranar da watan Rabi'ul Ahir ya tsaya zai cire shingen.

Da noma zai yi a wurin, da ko ba komai na ce ƙasar za ta ci gaba da shan ruwa. Ba noma zai yi ba. Tun da hanya ta biyo ta nan, rumfar awon gyaɗa yake so ya kafa wa wani ɗan kasuwa na Kano, ya kuma faɗa da bakinsa a bakin rijiya cewa zai sa a kwashe baƙar ƙasar saman don ba ta yin daɓe, a zubar, a kawo laka daga kududdufi a daɓe wurin. Ashe ya san inda kududdufin yake.

Na takwas: inda na kai kuka kafin in zo gare ka.

Ban tsallake na ƙasa na zo wurin na sama ba. Na je wurin dagacinmu sau uku. Ya karɓe ni da mutunci, amma ya ce abin da ya taɓa hanyar mota ya fi ƙarfinsa, ba zai sa baki ba. Na je wurin Liman Gambo. Ya ce zai faɗi gaskiya a ko'ina aka kira shi, amma gaskiyar da ya sani ita ce sharaɗin, kuma bana ba a rufe filin daga shinge zuwa shinge ba. Ban musa ba, Ranka ya daɗe, ba a rufe ba. Abin da nake tambaya shi ne, wa ya hana? Takin yana nan, ya nuna, ya isa ya rufe filin har ya yi saura. Mutumin da ya ɗauke shi da rana tsaka shi ne yau yake cewa ban zuba ba. In shari'a ta yarda da wannan, to duk mai gonar aro a ƙasar nan ya kwana da shiri, domin an nuna wa masu filaye hanya.

Saboda haka, cikin ladabi da ƙanƙan da kai, ina roƙon mai girma Hakimi abubuwa kamar haka.

A hana Cindo ɗan Sajo taɓa shingen nan, a sa ya cire turakunsa, har sai an saurari maganar a gabanka ko a gaban alƙali. A kira Larai, a kira mazan da suka yi aikin ran nan, a tambaye su ba a gabansa ba. A kira Liman Gambo.

A hukunta cewa shekarar bana ba ta shiga lissafin sharaɗin ba, tun da ba ni na saɓa ba.

A aiko wanda zai duba kwarin da idonsa. In an ga abin da na faɗa gaskiya ne, a ba ni izini in tone takina daga hanyar in mayar da shi inda aka yi shi dominsa. Ba na neman a ba ni jaki ko ɗan aiki. Da kaina zan ɗauka, kuma duk kwandon da na ɗebe zan mayar da kwandon laka daga kududdufi a madadinsa, hukuma ta sami hanya mai ƙarfi, ni in sami abin rufe ƙasata. Ba na neman a ɗaure Cindo, ba na neman a ci shi tara. Ɗan mutumin da ya rufa mana asiri ne, ba zan so in haɗu da Malam Sajo gobe kiyama da wannan a hannuna ba.

In kuwa duk waɗannan ba za su yiwu ba, Ranka ya daɗe, to ina roƙon a aiko mini da a'a a fili kafin watan ya tsaya, kada a bar ni da shiru. Yanzu ne lokacin cika rami. An fara sussuka, ƙaiƙayi yana tashi a banza a masussuka, ni ina wucewa ina kau da kai. Tun ranar da aka kafa turke a bakin ramin ban zuba komai a cikinsa ba, don ba zan sake tara abin da za a kwashe a zubar ba. Na kuma ɗauki toka na nufi bola, hannuna ya ƙi sakinta, na dawo da ita. Tokar murhu da sharar turken awaki duk suna cikin ɗakin da muke kwana, na cika kasko, na cika tsohuwar randa, na cika masaki, jiya har tukunyar miya na cika tun da ba abin da za a dafa a cikinta. Kyauta tana kwance a tsakaninsu tana tari, tana tambayata ko na haukace. Ban haukace ba. A gaya mini inda zan zuba su.

Allah ya ƙara wa Hakimi imani da tsawon rai, ya sa ƙasarsa ta ƙoshi a zamaninsa, ya kare shi daga haƙƙin marayu da na tsofaffi. In na yi kuskure a lafazi, a yafe wa wadda ba ta san zaman fada ba.

Talakarka mai biyayya, mai jiran umarninka,

Yelwa 'yar Mati, matar marigayi Ɗantsoho, Kukar Laure.
Ga alamar babban yatsanta na dama.

Wanda ya rubuta daga bakinta, ya karanta mata ta ce haka ne: Malam Bilya, Kukar Laure.